Sawaba da En'e: Amsa Ga Masu Tambaya

Wani mai karatu daga Maraɗi ya tambaya ko "sawaba" da "'yanci" abu ɗaya suke nufi, tunda ya ji ana kiran jam'iyyar Djibo Bakary da Sawaba, kuma ana cewa 'yancin Nijar ta nema.

Kalmomin biyu sun yi maƙwabtaka a bakin 'yan siyasa, amma kowace da gidanta. 'Yanci daga "ɗa" ya fito, wato wanda ba bawa ba, shi ya sa da Turawa suka sauke tutarsu aka ce ƙasa ta sami 'yancin kai. Ita kuwa sawaba ararriya ce daga Larabci, inda take nufin abin da yake daidai, sai Bahaushe ya karkatar da ita zuwa sauƙi bayan matsi, kamar yadda matafiyi yake cewa wannan hanya ta fi sawaba, ko mai ciniki ya ce ya sayi hatsi da sawaba. A ganina, wannan ma'ana ta yau da kullum ce ta ba kalmar ƙarfi a siyasa, domin manomin da aka ɗora wa haraji da aikin tilas ba ya bukatar tafinta kafin ya gane ta.

A Kano aka fara ɗaga ta, lokacin da aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, jam'iyyar da Hausawa suka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya. Abokan hamayyarta na NPC suka riƙi "Salama" a matsayin take, kuma duk mai kunnen Hausa zai ji bambancin: ɗaya na neman a sauke kaya, ɗaya na neman a zauna lafiya. A Nijar kuma, Sawaba ta nemi a kaɗa ƙuri'ar "a'a" a zaɓen raba gardama na Janar de Gaulle kan ci gaba da zama tare da Faransa ranar 28 ga Satumba 1958, ta sha kaye, gwamnatin Diori Hamani ta haramta ta a 1959. Ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960 alhali masu kiran sawaba suna kurkuku ko gudun hijira, abin da magoya bayansu za su iya kira gudun gara an faɗa gidan zago, karin maganar da ake yi wa wanda ya tsere wa ƙaramar cuta ya auka wa babba, domin zago ya fi gara girma da cizo.

Wata ɗaliba daga Zariya kuma ta tambayi asalin "En'e", wadda take ji a bakin kakanta. Haruffa biyu ne na Turanci, N.A. (Native Authority), da aka taƙaita sunan hukumar gargajiya da su, Bahaushe ya haɗe su suka zama kalma, kamar yadda ya yi wa Di'o, wato D.O., jami'in mulkin gunduma. En'e ita ce gwamnatin da talakan Arewacin Najeriya ya sani ido da ido: sarki da majalisarsa, baitulmali, kotun alƙali, 'yan doka da gidan yari, duk a ƙarƙashin idon Razdan, Baturen da ke kula da lardi. Daga hannunta ne 'yan NEPU suka fi neman sawaba, kuma ba ta tafi tare da Turawa a 1960 ba. Sojoji ne suka karɓe 'yan dokarta da kotunanta bayan juyin mulkin 1966, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe sauran ikonta. Haraji da jangali kuwa sai a 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su.