Tambaya da Amsa: Me ya sa Marshall ɗin cikin kwamfuta ke kukan sauro?

Tambaya: Malam, na sa manhajar da ke kwaikwayon amfilifayar Marshall Plexi a kwamfutata. In na kaɗa jita sai sautin ya fito siriri, yana zuzu kamar kukan sauro. Manhajar ce ba ta da kyau?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya laifin manhajar ne. Fara duba akwatin sifika. Ainihin Plexi, wato samfuri mai lamba 1959 Super Lead mai wat 100 da bawul EL34 guda huɗu, kan amfilifaya ne kawai, babu sifika a jikinsa. A sitidiyo ana jona shi da akwati mai sifika huɗu masu inci 12, galibi Celestion Greenback, a kafa makirfo irin SM57 a gaba. Sifikar jita ba ta iya fitar da abin da ya haura kilohaz 5 zuwa 6 sosai, ita ce ke tace wannan tsinin. In sashen akwatin a kashe yake, ko ba ka loda fayil ɗin IR ba, wanda shi ne hoton sautin akwatin da makirfo, to ɗanyen sautin kan kake ji. Kunna shi. Amma kada ka haɗa biyu, akwatin manhajar da wani IR a bayansa, sautin zai dushe kamar an lulluɓe shi da bargo. Sannan ka janye makirfon cikin manhajar daga tsakiyar sifika zuwa gefe kaɗan, domin a tsakiya kaifin ya fi yawa.

Na biyu, ramin da ka soka wayar jita a saunkad, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta. Jita tana son rami mai juriya kusan megaom 1, wanda ake rubuta wa Hi-Z ko Inst. A ramin Line sautin yakan rame tun kafin ya isa manhajar, kuma babu murɗe-murɗen da zai dawo da shi. Rage ƙarfin shigarwa yadda ko ka daki tsirkiya da ƙarfi jar fitila ba za ta kama ba.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne Plexi ba shi da Master Volume, wato maɓallin da ke rage ƙara ba tare da kaushin sautin ya tafi ba. Kaushinsa daga ɗaga Volume ɗin kansa yake fitowa, shi ya sa masu ainihin na'urar ke kurmanta maƙwabta. A manhaja kai shi 6 ko 7, ka bar Bass wajen 2 zuwa 3 don kada ya yi caɓi, ka rage Presence, maɓallin kaifin sauti, in har yanzu da zuzu. Ƙarar da ke zuwa kunnenka kuma a Output za ka daidaita ta. Wajen haɗa kiɗa, datse ƙasa da haz 80 don ka bar wa jitar bas wuri.

Tambaya: Ni kuma in na taɓa tsirkiya sai sautin ya makara, har hannuna ya rikice.

Amsa: Bafa ce ta yi girma, wato yawan gutsattsarin sauti (samfur) da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su. Lokacin ɗaukar sauti sa ta a 64 ko 128. A saurin ɗaukar sauti na kilohaz 48, samfur 128 bai cika milisakan 3 ba. A Windows yi amfani da direban ASIO na saunkad ɗinka. In sautin ya fara ƙas-ƙas, kwamfutar ta gaji, kashe manhajoji masu nauyi har ka gama ɗauka, sannan ka mayar da bafar 512 ko 1024.