Dalilin da ya sa ba na yi wa difaransha walda

Isiyaku, ka tambaye ni me ya sa na ƙi aikin mai boksin nan, wato motar a-kori-kura, da ya ce a yi wa difaranshar bayansa walda, alhali wasu masu gareji a nan Gadarif ta Sudan suna yi su karɓi kuɗinsu, kuma shi burinsa kawai ya daina kafewa a hanyar gona. Tambayar ta yi, ɗana.

Difaransha, wato giyoyin da ke raba ƙarfin inji ga tayoyi biyu, an yi ta ne domin kwana. Idan mota ta sha kwana, tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo, dole ta fi ta saurin juyawa. Ƙananan giyoyin nan da ka gani a cikin tukunyar difaransha su ke ba da wannan dama. Illarsu ɗaya ce: ƙarfin da suke ba tayoyin biyu daidai yake, kuma ba ya wuce abin da tayar da ba ta da riƙo za ta iya ɗauka. Shi ya sa da damina, a baƙar lakar nan tamu, za ka ga taya ɗaya tana ta wulwulawa tana feshin taɓo, 'yar'uwarta tana kan tsandauri ko motsi ba ta yi.

Makullin difaransha shi ke haɗe aksil biyun, wato sandunan da ke juya tayoyin, su juya tare. Walda ma haka take yi, sai dai ita ba ta buɗewa har abada. Mutumin nan zai ɗora buhunan dawa ko riɗi ya hau kwalta, kowace kwana tayar ciki tana gurzar ƙasa, aksil yana murɗuwa. Taya ta cinye, wata rana aksil ya tsinke da lodi a kai. In kwalta ta jiƙe kuwa, motar takan ƙi bin sitiyari ta miƙe. Akwai mutane zaune a kan buhunan nan. Ba zan sa hannuna ba.

Makullin kamfani da ke zuwa a wasu Hilux, ƙaramin moto ne na lantarki a jikin difaranshar, shi ke tura makullin ya shiga haƙora. Sai ka sa L4, giyar ƙarfi ta tayoyi huɗu, yake amsawa, mota a tsaye ko tana rarrafe, kuma littafin Toyota ya ce kada a wuce kilomita 8 a awa yana kulle. Fitilarsa a dashbod za ta yi ta ƙiftawa, sai haƙoran sun haɗu ta tsaya cak. Idan ta ƙi tsayawa, direba ya ɗan matsa gaba yana karkata sitiyari. Abin da ke kashe shi direban da ke danna maɓalli taya tana tsakiyar juyawa. Land Cruiser 79 kuma akwai mai makulli gaba da baya. Na Chevrolet da GMC, wanda ake kira G80, shi da kansa yake kamawa idan taya ɗaya ta zarce ɗayar da juyi, kuma a ƙaramin gudu kawai. Yana shiga da bugu, ba ya son manyan tayoyi da ƙafa mai nauyi.

In aka kawo maka na Toyota aka ce ya mutu, kada ka yi garajen kwance difaransha. Duba fiyus, bi waya har soket ɗin da ke ƙasa, yawanci taɓo ne ya toshe shi ko kara ya tsinke waya. Sannan ka cire moton ka buɗe murfinsa. Sau da yawa za ka tarar giris ya bushe ya koma ja da tsatsa, ruwan kwari ya shiga tun bara, mai motar bai taɓa maɓallin ba duk rani. Wanki da sabon giris kan tashe shi. Ka ce masa ya riƙa kunna shi kan ƙasa ko sau ɗaya a wata.

Wanda motarsa ba ta zo da shi ba, akwai na sayarwa. ARB na Ostireliya da iska yake aiki, yana da ƙarfi ƙwarai, amma sai da kwamfiresa da siririn tiyo, ga robar ciki da in ta lalace iska ke zuba cikin man giya. A ƙura da zafinmu, ga wuyar samun kayan gyara, ba kowa nake ba shawararsa ba. Eaton ELocker waya ce da maɓalli, ya fi mana sauƙi. Detroit Locker shi ke kulle kansa ya saki a kwana, yana ƙas-ƙas, wani lokaci ya fizgi bayan mota. Ya dace da motar daji, ban so shi ga mai yawan hawa kwalta ba.

Ko wanne za ka sa, fara da ƙirga haƙoran bakin aksil ka tabbatar da girman difaranshar kafin a yi oda. Da ka ɗaura babbar giya a sabuwar tukunya, sa agogon awo ka duba wasan da ke tsakaninta da finiyan, ƙaramar giyar da ke juya ta. A Toyota mai babbar giya inci 8, milimita 0.13 zuwa 0.18 ne. Shafa fenti a haƙora ka juya, tabon ya sauka a tsakiya. In ka yi da ka, mota za ta dawo tana kuka kafin wata ya ƙare. Man giya GL-5.

Shi kuwa mai boksin, ka lura da tayoyinsa na baya? Sun suɗe sumul. Ko makullin wane kamfani aka sa masa, biyun za su juya tare a wuri ɗaya. Idan ya dawo, auna masa kuɗin tayoyin taɓo tukuna, sannan mu yi maganar ELocker.