Ranar da muka juya riguna

Amaryata, ƙaninki ya karanta mini saƙonki har sau biyu. Wai an koya muku maganar wani Bature, David Hume, wanda ya rubuta a 1748 cewa mai hankali zai fi yarda mai ba da labari ya yi kuskure ko ƙarya da ya yarda an keta al'ada, wato yadda aka saba ganin halitta na gudana. Shi ne kike tambaya don me har yau muke fita roƙon ruwa, ko karama muke jira. Na yi dariya, amma daren nan tuwo bai shiga ba.

A farin 1973 ina saurayi. Gero ya bushe a tsaye, shanu na faɗuwa a bakin hanya, mutanen Nijar na kwararowa Katsina ta Jibiya. Aka yi azumi, aka fita filin idi da hantsi cikin tsofaffin kaya, ba turare. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Da liman ya juya mayafinsa muka juya riguna, wani tsoho kusa da ni yana kuka har gemunsa ya jiƙe. Ni kuwa ina ta satar kallon gabas, ko hadari zai taso.

Ko gajimare babu. Na koma gida ina ƙunƙuni, Baba ya ce, "Almajiri ba ya yanka wa masu gida lokacin tuwo."

Malaminmu na zaure, Allah ya jiƙansa, yakan ɗauko auduga ya nuna fitila, ya ce Imamu Gazali ya ce idonka haɗuwar auduga da wuta kawai ya gani, mai ƙonawa Allah ne. Al'ada ce ya gudanar, ya kuma dakatar da ita ga Annabi Ibrahim. Mu'ujiza ta annabawa ce, karama ta waliyyai, in kuma ka ga fasiƙi na tafiya a kan ruwa, istidraji ne, wato talala Allah ke masa, ka yi ta kanka.

Baturen naki bai yi ƙarya duka ba. Malaman hadisi sun riga shi tankaɗe masu ruwaya. Ku dai ne kuke ba ni mamaki: ga shakkar kakanni, ga tura hoton kankana mai sunan Allah a WhatsApp ba tambaya.

In kin zo hutun Sallah, ki taho mini da littafin Baturen, da goro fari.