Shin Gizaka Cizo Take Yi?

Tambaya: Malam, ɗana ya hau bishiya da damina, wata gizaka mai gashi ta faɗo masa a wuya. Wurin ya yi ja ya kumbura, ya kwana yana susa. Cizo take yi ko harbi? Kuma tana kisa?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya ba shi lafiya. Gizaka ba ta ciji ɗanki ba, bakinta na cin ganye ne. Abin yana jikin gashin. Wasu gashin nasu kamar ƙaiƙayin gero yake, ya karye ya maƙale a fata. Wasu kuma ƙaya ce mai rami a ciki, da dafi a gindinta, da an taɓa sai tsinin ya karye dafin ya shiga. Shi ya sa susa ke ƙara ɓata lamarin, domin tura gashin ciki ake yi, a kuma yaɗa shi da farce. Matacciya ma gashinta na aiki, haka wanda ya maƙale a rigar da aka shanya ƙarƙashin bishiya.

Abin yi na farko shi ne cire gashin. A manna salatif a wurin a ɗaye, a sake da sabo sau uku ko huɗu, a wanke da sabulu, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma. A cire rigar a wanke ta daban. Ni dai ban yarda da shafa toka ko kananzir ba, ƙara ƙona fatar suke yi. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku ya lafa. Amma idan gashin ya shiga ido, ko leɓe da fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

Maganar kisa kuwa, wadda aka fi sani da shi tana kudancin Brazil, ana kiranta Lonomia. Takan taru jingim a jikin itace, launinta ya saje da ɓawo, mutum ya dafa da yawa lokaci guda. Dafinta na hana jini daskarewa har ƙoda ta lalace, kuma Cibiyar Butantan ta São Paulo ce ke haɗa makarinsa. Wannan a Kudancin Amurka take zaune, ba ita ce ta faɗo wa ɗanki ba.