Shirin shekara 6 na harhaɗa magunguna a Amurka: gurbin ya tabbata?

Yaya, kina tambaya ko 'yarki da ta samu shirin nan na Amurka mai haɗa karatun share fage da digirin PharmD (digirin dakta na harhaɗa magunguna) ta tsira da gurbinta har ƙarshe. An ajiye mata gurbi, amma da sharaɗi. Jami'o'i irin su Rutgers da St. John's suna ɗaukar ɗalibi tun daga sakandare, ya yi shekara 2 a kimiyyar tushe, 4 kuma a harhaɗa magunguna. Wanda ya fara yin digirin farko kuwa yakan ci shekara 8, ga wahalar sake neman gurbi ta PharmCAS, wato shafin da ake neman shiga makarantun harhaɗa magunguna.

Sharaɗin shi ne maki: kafin ta shiga shekara ta 3 za a duba sakamakonta, galibi har da ganawa da malamai. Na ga yara masu ƙwazo sun yi tuntuɓe a darasin sinadarai na oganik, gurbin ya kuɓuce musu, don haka ta riƙe shi da hannu biyu tun makon farko. Don Allah kafin ki biya ko sisi, ki sa su rubuto miki ko ana ba da digirin farko a tsakiyar shirin. Wasu ba sa bayarwa, in yarinya ta sauya ra'ayi a shekara ta 4 sai ta fita babu takardar digiri.