Tambayoyinku kan fasaha: gilashin koyon aiki da sauran na'urorin da ake sawa a jiki

Tambaya: Malam, ina da garejin gyaran janareto a Agege da yara masu koyon aiki. Na ga bidiyo wani ma'aikaci ya sa gilashi yana nuna masa yadda zai kwance inji. Ina so in shiga Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja, in sayo ko guda biyu ne, in huta da tsayuwa a kan yaran nan. Wanne zan saya?

Amsa: Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukunna, wallahi irin wannan tambayar ce ke sa ni ciwon kai. Abin da ka gani gaskiya ne, akwai shi, irin su RealWear da Vuzix. Ƙaramar kwamfuta ce mai Android da ake ɗaurawa a kai ko a jikin hular kwano, da ɗan allo kusa da ido, da kyamara da makirfo, kana ba ta umarni da baki saboda hannunka duk baƙin mai ne. Hanya biyu ake koyarwa da ita, ko dai a zuba mata matakan aikin ɗaya bayan ɗaya yaro na bi, ko kuma oga yana can wani wuri yana ganin abin da yaron ke gani ta kiran bidiyo yana cewa a'a ba wannan notin ba, na ƙasansa.

To ka lura, duka biyun kai ne a ciki. Gilashin fanko yake zuwa, bai san kabureto ba bai san fulogi ba, sai wani ya zauna ya rubuta matakan ya ɗauki hotuna ya shirya su, kuma a garejinka wanin nan kai ne, kai da kake neman hutu. Kamfanoni irin su Boeing da DHL da suka yi aiki da Google Glass suna da mutanen da aikinsu kenan. Duk da haka ma Google, wanda ya fara fito da gilashin a 2013 kan dala 1,500, ya daina sayar da na masana'antun a Maris ɗin 2023. HoloLens 2, gilashin kamfanin Microsoft, dala 3,500 aka sa masa a 2019, shi ma an daina ƙera shi a 2024. Ka buga wannan da canjin yau ka gaya min janareto nawa za ka gyara kafin kuɗin su dawo, ga umarnin muryar ba ya jin Hausa, ga data, ga caji a garin da kai kanka rashin wuta ne ke kawo maka kwastoma.

Mai arahar da za a miƙo maka a Ikeja kuwa, ka duba da kyau, yawanci gilashi ne mai Bluetooth da 'yar lasifika a hannunsa, waƙa kawai yaranka za su sha da shi.

Abin da zan ce ka yi, ka samu tsohuwar waya mai kyamara mai kyau da ɗamarar da ake maƙala waya a ƙirji, duk sanda za ka yi wani aiki ka ɗauka kana bayani da Hausa, gajeru, minti 3 zuwa 5, aiki ɗaya bidiyo ɗaya. In ka tura yaro gyara Mile 12 ya kira ka ta WhatsApp wayar na ƙirjinsa. Kuma don Allah, na faɗa na sake faɗa a wannan fili, ka riƙa sa wa kowane bidiyo suna da kwanan wata, ka ajiye kwafi biyu, ba ka bar su da sunan lambobi ba ranar da wayar ta faɗa kwata ka zo kana min kuka. In ka yi wata shida a haka ka ga yaran na kallo, dawo mu yi maganar gilashi.

Tambaya: A sito nake aiki a Apapa, sabuwa ce ni. Sikanar da aka ba ni ta yatsa tana yawan rabuwa da na'urar da ke ɗaure a hannuna.

Amsa: 'Yar'uwa, cika su da caji, ki goge haɗin Bluetooth ɗin ki sake haɗawa. In kin taɓa haɗa ta da wayarki don gwaji, na san kin yi, cire ta. Ta ci gaba, ki kai wa masu kula da kwamfutocin wurin, kayansu ne.

Tambaya: An sa mana abin rufe ido mai allo a ciki, mai nuna maka kamar kana cikin motar, muna koyon tuƙa motar ɗaga kaya, ni jiri yake sa ni har da tashin zuciya.

Amsa: Ba aljanu ba ne. Idonka na cewa kana tafiya, kunnenka na ciki na cewa a zaune kake, sai kwakwalwa ta rikice. Daidaita tazarar gilasan da idanunka, goge su, ka yi minti 10 ka huta, kada ka shiga bayan ka cika ciki da tuwo. Walmart a Amurka sun raba irinsa kusan 17,000 a shagunansu a 2018, ba kai ne farkon mai jiri ba. Amma shi wannan rufe ido yake gaba ɗaya, kada ka kuskura ka sa shi kusa da inji mai aiki.

Tambaya: Kyamarar da ke jikin hulata, oga na iya ganin duk abin da nake yi?

Amsa: In tana ɗauka ko kuna kan kira, ƙwarai kuwa, har hirarku. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka damar tambayar me ake ɗauka, don me, har yaushe za a ajiye shi, to ka tambaya a rubuce. Kafin nan, cire hular in za ka kewaya, haka in za ka yi gulmar oga.