Kafin a buɗe gwangwanin fenti: amsar Oga a kan Fijo 504

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa har yanzu ban aike ka sayo fenti ba, alhali Alhaji da bakinsa ya ce fenti kawai yake so a yi wa motar, kuma yana son ya hau ta da Sallah. Jawo benci ka zauna in faɗa maka. A tsohuwar mota irin wannan, fenti shi ne aiki na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙi. Duk wahalar tana gabansa.

Fara da sanin abin da aka kawo maka. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, aka ci gaba da haɗa 504 a can har bayan shekarar 2000, lokacin da Turawa sun daɗe da barinta. Shi ya sa ba unguwar da ba a san ta ba. Wannan ta Alhaji ta mahaifinsa ce, ka ga kuwa ba motar haya aka kawo mana mu shafe ta koma tasha ba. Abin da nake so ka riƙe game da ita shi ne ba ta da shasi daban irin na babbar mota. Jikin nata ne yake ɗauke da inji da kujeru da mutane. In tsatsa ta ci ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ko ƙasan da ake taka ƙafa, ko wurin da kan shokozoba na gaba yake zaune, ƙarfin motar ta ci. Ka yi fenti a kan wannan, ka yi shafen siminti ne a ginin da gara ta cinye azarorinsa.

Saboda haka aikin farko dubawa ne, kuma ba da ido kaɗai ba. Ka ga mayen ƙarfen nan da na ciro daga tsohuwar sifika? Naɗe shi da tsumma, ka bi jikin motar da shi a hankali. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe ne. Inda ka ji ya saki ko yana zamewa, to fila ce aka cika, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, wani ya riga mu wurin ya rufe ɓarna. Je ka gwada a madigadin baya na hagu, daidai saman taya, za ka ji hannunka ya yi sakayau. Bayan nan ka ɗage kafet, ka danna ƙasan da bakin sukundireba. Ƙarfe mai lafiya zai yi maka ƙara, ruɓaɓɓe kuwa zai lotsa ko ya rufta. Duba gindin ƙofofi, inda ƙananan ramukan fitar ruwa suke toshewa da ƙura, duba mazaunin batir, inda ruwan batir ke zuba, duba ƙasan but da wuraren kafa jak. Sannan ɗaga bakin robar gilashin gaba kaɗan ka leƙa. Nan ne ruwan damina yake kwana, kuma nan ne mafi yawan masu fenti ba sa dubawa, don ba sa son cire gilashi.

Sai mun gama wannan zan zauna da Alhaji. Kada ka taɓa yanke wa mai tsohuwar mota kuɗin aiki gaba ɗaya kafin ka tuɓe ta. Ka ce masa ga kuɗin kwancewa da dubawa, in an ga abin da ke ciki sai a yi maganar sauran, kuma a riƙa biya mataki-mataki. Ka kira shi ya zo ya ga ramin da idonsa, ya sa yatsa a ciki. Wanda ya ga ruɓar da kansa ba zai zarge ka da ƙara masa kuɗi ba. A zaman nan ne kuma za a tsayar da launi. Ni shawarata a mayar mata da launinta na asali, wanda za ka samu bai koɗe ba a cikin but ko ƙarƙashin kafet, inda rana ba ta kai ba. In ya ce sai an canja, to ya sani aikin ya ninka, domin sai an fesa cikin ƙofofi da ɗakin inji da cikin but, kuma launin mota yana rubuce a takardunta, sai ya je an gyara. Duk abin da muka tsayar a rubuta. Maganar Sallah kuwa zan faɗa masa gaskiya: ba za ta samu ba. Gara ya ji haushina yau da ya dawo bayan damina fenti yana kumbura.

Akwai abin da yara irinku ke mantawa: kayan da za a mayar. Robar gilashi da ta shekara talatin ko arba'in a rana ta bushe, kana cirewa za ta kakkarye. To kafin mu taɓa gilashi sai mun samo sabuwar roba a hannu. Haka robobin ƙofa, da murfin fitilun baya, da farin ƙarfen ado, da ƴan maƙalan da ke riƙe shi. Wasu za a samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, wasu sai an leƙa kasuwar Panteka a Kaduna, wasu sai an samu wata mushen 504 an cire. Neman nan kaɗai yana iya cin makonni, shi ya sa ake fara shi tun ranar farko. In za ka kwance, ɗauki hoton kowane wuri da wayarka kafin ka sa sifana, ka zuba notinan kowace ƙofa a ledarsu ka rubuta a jiki. Bayan wata biyu ba za ka tuna wanne ne na ina ba.

Yanzu jerin aiki. Bakanike ne farko. In za a sauke inji ko giya, in za a canja lagireto, in za a yi birki, duk a yi yanzu. Man birki yana cin fenti, ɗigo ɗaya ya kwana a kan madigadi sai ka ga wurin ya tashi. Kuma ba bakaniken da zai sauke inji bai jingina a jikin mota ba. Mai rewaya shi ma ya duba wayoyinsa ya ja abin da zai ja tun jikin yana tsirara. Mai ɗinkin kujeru ya kwashe kujerun ya tafi da su shagonsa, kada su dawo sai ƙarshe.

Daga nan walda. Kafin a kunna wuta a cire tankin mai, a cire batir, a kwashe kafet da duk abin da zai kama. Tsatsa ba a rufe ta, yanke ta ake yi har sai an kai ƙarfe mai haske, a yanko sabon falankin ƙarfe mai kauri ɗaya da na motar, a daidaita shi baki da baki. Kada ka ɗora faci a saman ruɓa, ruwa zai shiga tsakaninsu ya ci gaba da aikinsa a ɓoye. Ƙarfen jikin mota siriri ne, bai kai milimita 1 ba a mafi yawan wurare, zafi kaɗan yake murɗa shi, musamman da waldar kabaid da muke yi. Ɗiga nan, ka tsallaka can ka ɗiga, ka bari ya huce, ka dawo. Mai gaggawa da ya ja wuta a layi ɗaya zai bar maka ƙofa mai tudu da kwari, sai a ƙare da loda fila. In an gama, a mayar da ƙofofi da bonet da murfin but a gwada su, a ga tazarar ta yi daidai ko'ina, a gwada bamba da fitilu a mazauninsu. Duk guduma da za a buga a buga ta yanzu.

Tsohon fenti kuma, wannan motar an yi mata fenti a kan fenti, ba mu san irin na ƙasa ba. Jiƙa tsumma da tina, ruwan tsinka fenti, ka goga a wani lungu: in launi ya biyo tsumman ya yi laushi, sabon fenti mai hadina, wato sinadarin da ake haɗawa don ya sandare, zai iya tayar da shi ya yamutse. A mota irin wannan ni kankarewa nake yi har ƙarfe. Ƙarfe tsirara kuwa ba ya jira, ko gumin tafin hannunka sai ya bar masa tsatsa, don haka ranar da aka kankare a goge a fesa firaimar ifoksi, wato shafin farko da ke kare ƙarfe kafin fenti. Fila aikinta cike ɗan abin da guduma ta kasa ne, kada ta wuce kaurin milimita 3. Kuma kada ka goge fila da ruwa, shan ruwa take, ta riƙe shi, daga baya ta fito da ƙuraje a fenti. Samfefa a bi lambobinta daki-daki, daga mai kaushi zuwa mai laushi: 80 don sassaƙa, 180 don share zanen 80, 320 kafin firaima ta biyu, sannan 500 ko 600 kafin launi. Ka ɗora samfefar a kan katako mai tsawo, domin yatsu suna bin kwari ne maimakon su daidaita shi. Fesa ɗan baƙin fenti sama-sama a kan firaimar ka goga. Inda baƙin ya rage, nan kwari yake. A nan za ka fi daɗewa, kuma a nan ake gane mai aiki, don gefen 504 dogo ne miƙaƙƙe, ƙaramin lotsawa daga nesa ake hango shi in fenti ya yi sheƙi.

Ranar fesawa ita ma zaɓenta ake. Da hunturu ƙura ce abokiyar gabarka, da damina laima ce ke sa fenti ya dushe, da bazara kuma yana bushewa tun bai kwanta ba, sai an nemi tina mai jinkirin bushewa. Tunda ba mu da ɗakin fenti na zamani, da sassafe za mu yi, iska a kwance, mu rufe rumfar da leda, mu yayyafa ruwa a ƙasa, mu zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfireso. Kada kowa ya kusanto da folish ko man shafe taya, silikon da ke ciki yana sa fenti ya yi ƴan ramuka. Haɗi kuma a auna yadda aka rubuta a gwangwani, ba da ƙiyasi ba, a bar minti 10 zuwa 15 tsakanin shafi da shafi. Sannan ka ji ni da kyau: hadinar nan guba ce ga huhu, tana jawo ciwon asma da ba ya barin mutum. Tsumma a hanci ba ya tare ta, madarar da wasu ke sha bayan aiki ba ta wanke ta. Ba za ka riƙe bindigar fenti a garejina ba sai da takunkumi mai matata, da safar hannu.

In ta bushe, sai a mayar da gilashi da robobi da kayan ado a natse, a manna tef a gefen ƙofofi don kada sukundireba ta kuskure ta karce fentin. A fesa mai hana tsatsa a cikin ƙofofi da ƙarfen ƙasansu, a tabbata ramukan fitar ruwa a buɗe suke. Za mu gaya wa Alhaji ya wanke ta da ruwa kawai, kada a sa mata folish sai ta yi kamar wata biyu.

Gobe da safe ɗauki mayen ƙarfen da alli, ka zagaye duk inda bai kama ba, ka ɗage kafet na gaba da na baya. In ka gama ka kira ni mu duba tare, kafin in buga wa Alhaji waya.